Ɗan'uwan Takalmi Ba Ya Cewa A'a

Ulad Hammu, 29 ga Mayu

Zuwa ga ɗan'uwana na takalmi, Si Mbarak ɗan Tuhami, a Ain Labyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ka gaida mini maiɗakinka Hadda da yara, ka kuma gaida tsohuwar alfadararka in har yanzu tana numfashi.

Ranar kasuwa na hau tudu har sau uku ina neman layi, na kira ka, ba ka ɗauka ba. Na ce wa Zuhur, "Mutumin nan ya zama babban manomi, ko ta waya warin tumaki yake ji." Ta ce, "Kai dai bar surutu, maigida, rubuta ka ba Miludu direba kamar yadda kuka saba." To ga ta nan. In ka ga maiƙo a jikin takardar, na motar Miludu ne.

Bana sama ta yi mana rowa. Tun Nuwamba ruwa biyu muka gani, na biyun ma bai jiƙa hular mutum ba. Tumakina ɗari da saba'in sun lashe ƙasar nan har sun fara kallon igiyar shanya. Buhun sha'ir kuwa sai ka yi alwala kafin ka tambayi kuɗinsa. Amma an ce alkamarka ta tsaya, ta fi ta kowa a yankinku. Na ji daɗi kamar tawa ce, don karan dai nawa ne.

Mutanen ƙauyenmu sun haɗa kai sun kama hayar kara a can Tadla, motoci za su kwashi garkunansu ranar biyar ga wata. Hajj Kabbur, jagoran tafiyar, ya tare ni, wai in sa sunana kafin wuri ya cika. Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Hajj, haya ai ta marayu ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan tun ranar da danginmu da na Ain Labyad suka tara takalmansu a ƙarƙashin bargo, kowa ya zura hannu, Mbarak ya zaro nawa. Muka ci kuskus a kwano ɗaya, liman ya ce daga yau babu ƙarya a tsakaninku, babu kuma mai ce wa ɗan'uwansa a'a. Tun daga nan tumakina ba su taɓa yin rani a wani wuri ba." Ya ce, "To, Allah ya bar zumunci."

Saboda haka ka gaya mini ranar da injin girbi zai fita daga gonar, mu kuma mu shigo ta ɗaya ƙofar. Lokacin barbara ya matso, ka kuwa san tunkiya ba ta ɗaukar ciki da yunwa. Takin da za su bar maka kyauta ne kamar kullum, ba sai ka gode ba.

Ka huta lafiya.
Ɗan'uwanka, Jilali ɗan Bu'azza

Ain Labyad, 3 ga Yuni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Zuwa ga ɗan'uwana mai daraja, Si Jilali ɗan Bu'azza.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Takardarka ta iso, mun karanta, mun yi murna da jin kuna lafiya. Labarin fari ya sosa mana rai, Allah ya kawo sauƙi. Hadda tana gaida Zuhur. Alfadara tana nan, ta fi ni ƙarfi.

Game da batun zuwa, ina roƙonka ka ɗan dakata. Injin girbi ɗaya ne a yankin nan, masu jiransa kuma da yawa, bai iso gare ni ba tukuna. Bayan haka akwai wasu 'yan al'amura da nake so in daidaita kafin garke ya sauka. Da zarar sun kammala zan aiko maka.

Na ba Miludu galan ɗin man zaitun da buhun gari ya kawo muku, a yi haƙuri da ƙanƙantarsu.

Allah ya sada mu da alheri.
Ɗan'uwanka har abada, Mbarak

Ulad Hammu, 22 ga Yuni

Ɗan'uwa Mbarak, assalamu alaikum. Ka gaida gida.

Mai da gari sun iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai tumaki ba sa shan man zaitun, na gwada su.

Kwana goma sha takwas ke nan ina dakatawa. Ƙauyen nan ya zama fanko, duk kukan tunkiyar da ka ji tawa ce. Na sayar da 'yan raguna na sayi sha'ir, sha'ir ɗin ya ƙare. Bakwai sun kwanta ba su tashi ba, cikinsu har da mai baƙin ido ɗin nan da ka ce ta fi matar hakimi kyau. Ragunan barbara suna bin su, su kuma ko ɗaga kai ba sa yi.

Miludu ya ce mini wai an gama girbi a Ain Labyad kwana goma da suka wuce. Na ce, "Har gonar Mbarak?" Sai ya kama duba tayar motarsa kamar yau ya fara ganinta. Na ce masa, "Kai Miludu, ka kiyayi bakinka. Da an girbe gonar Mbarak, ni zan riga tsuntsaye sani." Ka ga irin abin da shirunka yake jawowa, har direbobi sun fara tauna sunanka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Hajj Kabbur ya aiko daga Tadla cewa mutum ɗaya ya janye, akwai wurin garke ɗaya, kuma shi ne na ƙarshe. Zai jira amsata zuwa ƙarshen wata. Ni ban so ba, don abin kunya ne gare ni da kai a ce ɗan'uwanka yana hayar kara a wajen baƙi. Amma in al'amuran nan naka za su ja lokaci, gaya mini in san inda dare ya yi mini.

Ina jiran amsa a motar Laraba.
Ɗan'uwanka, Jilali

Ain Labyad, 27 ga Yuni

Zuwa ga ɗan'uwana mai daraja, Si Jilali, bayan sallama da girmamawa.

Allah ya mayar maka da alheri a kan waɗanda suka mutu. Batun Tadla kuwa, kada ka wahalar da kanka tukuna. Ka ƙara mini 'yan kwanaki, ina kan ƙoƙari, kuma ina sa ran alheri.

Ɗan'uwanka har abada, Mbarak

Ain Labyad, 6 ga Yuli

Yaya Jilali, salamu alaikum. Ni ce Hadda. Ka gaida Zuhur, ka ce ina kewarta. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin mata na masallaci na koya, malamar ma cewa take ta fi gane tafiyar kaza. Maigidan bai san na rubuto ba. In ya sani ya sani, ni na gaji.

Yaya, babu kara bana. Babu baɗi, babu baɗin baɗaɗa, har shekara biyar. Tun watan Oktoba ya sa hannu a takardar ofishin gona. Sun ce wanda ya daina huɗa, ya yi shuka da injinsu mai tsaga ƙasa ya zuba iri kai tsaye, ya kuma bar karan alkama a gona kada dabba ta taɓa, gwamnati za ta biya shi a kan kowace hekta duk shekara. Suna zuwa dubawa, har hoto suke ɗauka. An girbe gonar tun sha biyu ga Yuni. Washegari aka kewaye ta da waya mai ƙaya.

Ranar da ya dawo da takardar na ce masa, "To tumakin Jilali fa?" Ya ce, "Zan gaya masa." Bayan wata guda na ce, "Ka gaya masa?" Ya ce, "Hadda, da wane bakin? A'a ce fa. Kakana ya ga mutumin da ya ce wa ɗan'uwan takalminsa a'a, kafin shekara hannunsa ya shanye." Na ce, "To da shanyewar hannunka da mutuwar garkensa wanne ya fi?" Ya ce in bar masa maganar maza. Na bar masa, ga inda maganar mazan ta kai mu.

Ba mugunta ba ce, Yaya, tsoro ne. Sau huɗu yana zuwa ofis yana roƙon injiniyar, wata 'yar mace mai tabarau, ko kwana goma ta yarda garke ya shiga. Ta ce ba a hannunta yake ba. Ba ya cin abinci, in waya ta yi ƙara sai ya tura ta ƙarƙashin matashi. Amma ramarsa ba za ta cika cikin tunkiya ko ɗaya ba, shi ya sa na ce gara ka ji.

In akwai sauran wuri a Tadla, don Allah ka ruga. Ka yafe mini da ban rubuto tun da wuri ba, ni ma na yi ta jiran ya yi da kansa.

Ƙanwarka, Hadda

Ulad Hammu, 14 ga Yuli

Mbarak, sallama, don ita haƙƙin kowane Musulmi ce.

Shekaranjiya na zo Ain Labyad. Ba ka gan ni ba, don ban shiga gidanka ba. Na sa Miludu ya ajiye ni a bakin gonar. Na tsaya a jikin wayarka mai ƙaya ina kallon kara har gwiwa, da zangarniyar da injin ya zubar, tun daga hanya har gindin tudu. Ban taɓa ganin gonar nan da abinci kamar bana ba. Wani mai gadi da ka ɗauka ya taso da sanda yana cewa, "Malam, lafiya? Nan ba a kiwo." Na ce, "Ka ga dabba a hannuna?" A gonar da na yi rani talatin, yau ni ake tambaya ko lafiya.

Kada ka tsananta wa Hadda. Ita kaɗai ce namiji a gidan nan.

Gona taka ce. Da ka shuka mata gishiri ma ba ni da ta cewa. In gwamnati ta ga dama ta biya mutum don ya bar abinci ya ruɓe a ƙasa dabba tana mutuwa, wannan tsakaninku ne da ita. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Oktoba ka sa hannu. A Janairu ka zo bikin ɗana, ka zauna a kan shimfiɗata, na yanka maka rago na gasa, da hannuna na yago maka kafaɗa. Da na raka ka mota na ce, "Sai Yuni," ka ce, "In Allah ya kai mu." Takardar tana aljihunka, naman ragona yana cikinka.

Takardarka ta farko ta iso ranar huɗu ga Yuni. Motocin Tadla sun tashi ranar biyar. Ina tsaye ina ɗaga musu hannu ina yi musu tsiya. Ta biyun ta iso saura kwana biyu wa'adin Hajj Kabbur ya cika, ka ce kada in wahalar da kaina. Na aika masa ya ba wani. Sau biyu Allah ya buɗe mini ƙofa, sau biyu ka sa na rufe ta da hannuna. Jiya na kira shi, ya ce, "Jilali, ai haya ta marayu ce, kai ka faɗa." Bai ma yi dariya ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ashirin da uku sun mutu. Ubana ya bar mini tumaki arba'in, ni na mai da su garke, na san uwar kowace da kakarta. Wallahi ban taɓa jin ciwo irin wannan ba, kuma ba fari ne ya yi mini shi ba. Fari maƙiyi ne, ta gaba yake zuwa. Kai ka ci amanata, Mbarak, kana kirana mai daraja.

Jilali

Ain Labyad, 21 ga Yuli

Ɗan'uwana Jilali, amincin Allah ya tabbata a gare ka, ko da ba ka son ji daga bakina.

Na karanta takardarka sau uku. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinta. Ba zan wanke kaina ba, amma ka bari in faɗi yadda aka yi.

Ka san saman gonar, wajen itacen zaitun ɗin nan guda. Lokacin mahaifina garma tana nutsewa a wurin har ta ɓace. Yau dutse ne a fili. Duk shekara ina huɗa sau uku, tumaki su cinye kara su bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya kwashe ta ya zuba a rafi. Da idona nake ganin gonar ubana tana tafiya teku, ja wur. Shekara huɗu a jere ban mai da irin da na shuka ba. Ban gaya maka ba, don kai ma kana da naka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bana da injin nan na shuka, ban huɗa ba, kuma ka ga abin da ta yi a shekarar da ta maƙwabta ta ƙone. Injiniyar ta ce, "Si Mbarak, karan nan shi ne bargon ƙasa. Ka cire shi, rana ta shanye damshin, ka koma gidan jiya." Na yarda da ita, har yau ma na yarda. Kuɗin da suke bayarwa shi ya sa na iya jure shekarar farko, amma ko ba kuɗi gaskiya ta faɗa.

Ga wanda ya fi muni, Hadda ma ba ta sani ba. A Nuwamba injiniyar ta tara mu ta ce duk wanda yake da makiyayin da ya saba sauka a gonarsa ya faɗi sunansa, za a ba shi irin ciyawar dabbobi ya shuka a gefe guda, a yanka a ajiye masa. Ta ce, "Amma ku gaya musu tun yanzu, su zo a yi shawara tare." Mutum uku suka ɗaga hannu. Ni na zauna kamar an dasa ni. In na faɗi sunanka, dole in kira ka, in na kira ka dole in ce maka kara ya haramta, ni kuwa na rantse a kan kwanon abinci ba zan taɓa ce maka a'a ba. Na riƙa gaya wa kaina kafin Yuni wata hanya za ta ɓullo. Ko za a yi ruwa a wajenku, ko za su sassauta. Na zaci "dakata" ba a'a ba ce, na zaci ina tsare alƙawari.

Ina da ƙunshin tattaka, wato busasshen karan alkama, guda sittin da aka yarda in ɗauka. Na san ba za su kai garkenka mako biyu ba, amma Miludu zai kawo su ranar Laraba. Don girman Allah kada ka mayar.

Ɗan'uwanka, in ka yarda, Mbarak

Ain Labyad, 11 ga Agusta

Jilali, sallama.

Miludu ya dawo da tattakar kamar yadda ta tafi, ya ce ko igiyar ba ka bari ya kwance ba. Mako uku ba amsa. Na kira, yanzu kai ne ba ka ɗauka, na kuwa ɗanɗana abin da na ba ka.

Yau da safe na je ofis na ce su soke sunana. Injiniyar ta cire tabarau ta ce, "Si Mbarak, ka san abin da kake yi? Za ka rasa kuɗin bana, ka rasa injin, kuma ba za a sake karɓarka ba." Na ce na sani. Ta ce, "Ƙasar fa?" Na ce ƙasa ta jira, ta saba. Na dawo na sallami mai gadi, ni da Hadda muka naɗe wayar da hannunmu.

Gona a buɗe take. Karan yana nan, ko tsinke ba a taɓa ba. Na yi magana da masu manyan motoci biyu, suna jiran ka faɗi rana. Kawo su, ɗan'uwa, kawo su duka.

Mbarak

Ulad Hammu, 15 ga Agusta

Si Mbarak ɗan Tuhami, wa alaikumus salam.

Ka sallami motocin. Ranar Talatar da ta wuce na kai tumakin kasuwa, ɗari da goma sha ɗaya da suka rage. Babu makiyayin da ya taya, mahauta ne suka raba su. Ban tsaya na ga lodinsu ba.

Ka koma wajen injiniyar tun takardar ba ta yi nisa ba, ka ce zafin rana ne ya taɓa ka. Ka mai da wayarka mai ƙaya. Kada a yi asara biyu, ƙasar ba ta yi wa kowa laifi ba.

Wani ɗan'uwan Zuhur ya samo mini gadin wani gini a Kasablanka, ranar Asabar za mu tashi. Ban san lambar gidan ba tukuna. Ka gaida Hadda.

Jilali ɗan Bu'azza